Me za a dafa yau? Amsa ga angon da ya haɗa wa amarya manhaja

Wasiƙar wannan makon daga Kano ta zo, na ɗan taƙaita ta:

"Assalamu alaikum Anti. Wata bakwai da aurena, aikina rubuta manhajojin waya. Kullum da safe kafin in fita sai amarya ta tambaye ni me za a dafa, ni kuma in ce duk abin da kika dafa. In na dawo na tarar da abin da raina bai so ba ko ban yi magana ba tana gani a fuskata, satin da ya wuce har kuka ta yi. Shi ne na haɗa wata 'yar manhaja ta wasa, akwai taya mai juyawa, ka danna ta juya ta tsaya kan abinci ɗaya, na zuba abinci wajen kala 200 da na kwaso a intanet. Da na nuna mata ta juya sau uku, ta ba ta shawarma, ta ba ta piza, ta ba ta farfesun kaza, ranar 27 ga wata. Ta miƙo min wayar ta ce in ci a ciki. Abokaina sun ce in ci gaba za ta yi kasuwa. Anti in ci gaba ko in haƙura? In zan ci gaba ta ina zan gyara?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi sai da na ajiye wayar na yi dariya son raina kafin na iya ba ka amsa, ba dariyar mugunta ba fa, fuskarka kawai na hango lokacin da aka miƙo maka wayar. Amarya ta yi maka da sauƙi ma, wata da faranti za ta ɗauko ta ɗora wayar a kai ta dire maka da ruwan wanke hannu.

Ka ci gaba, kar ka haƙura, amma ba da wannan da ka haɗa ba. Kai ka ɗauka matsalar amarya rashin sanin sunayen abinci ne shi ya sa ka kwaso har 200 ka jibga mata, alhali yarinyar da ta tashi a gidan Hausawa ko cikin barci ka tashe ta za ta lissafo maka miya goma ba ta yi numfashi ba, kuka, kuɓewa ɗanya da busasshiya, taushe, zogale, yakuwa, ayayo, karkashi, agushi, har ka ce ya isa. In ta ce me za a dafa, abu biyu take tambaya a dunƙule. Nawa za ka bari, sannan ka ɗauki rabin nauyin zaɓin nan don kar da daddare ya zama ni kaɗai ce mai laifi. Kai kuma sai ka ce duk abin da kika dafa, wato ka sauke mata kayan gaba ɗaya amma ka soke damar ɓata fuska a aljihu ka tafi da ita ofis. Toh tayar taka ma haka ta yi mata, ta faɗi sunan abinci ta yi gaba, ba ruwanta da ko akwai kaza a gidan. Manhaja ce mai halin maigida sak.

Kafin ka sake taɓa kwamfuta ga aikin da zan ba ka. Ranar Asabar kar ka fita majalisa, ka ja kujera 'yar tsuguno ka zauna a bakin kicin da misalin la'asar, kar ka ba da shawara kar ka yi gyara, ka zuba ido kawai. Za ka ga ba sama take kallo tana tunanin me ranta ke so ba. Sito za ta buɗe ta leƙa bokitin shinkafa ta ga saura kamar gwangwani huɗu, ta girgiza tukunyar gas ta ji nauyinta, ta buɗe firinji ta shinshina ragowar miyar shekaranjiya don tun jiya ba a kawo wuta ba, ta ɗaga galan ɗin mai ta karkata shi, ta duba kwandon kayan miya ta ga tumatir uku ɗaya ya fara laushi, sai ta dubi agogo ta lissafa zuwa magariba. A cikin minti biyu ta gama lissafin da manhajarka ba ta ma san akwai shi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ka gani a minti biyun nan shi za ka mayar manhaja.

Wato ka juya tsarin. Kar a fara da jerin abinci, a fara da abin da ke gidan. Shafin farko hotunan kayan sito ne manya manya, shinkafa, wake, taliya, garin tuwo, fulawa, doya, dankali, tsaki, ta taɓa waɗanda take da su, kuma manhajar ta riƙe kar gobe ta sake tambaya daga farko. Sai lokaci, sauri nake ko ina da hali. Sai aljihu. Anan kar ka kuskura ka saka farashi da naira, kafin ka gama shigar da su sun canza, kuma tumatir ɗin da ake rabon arha da shi a Yankaba lokacin sanyi shi ne zai zama zinari da damina ta kankama kowa ya koma kan busasshe da na leda. Ka yi madanni uku kawai, misali an yi albashi, da sauƙi, sai na ukun wata ya yi nisa. Ka ga wasan ma ya fara shigowa tun daga nan, kuma duk wanda ya danna wata ya yi nisa haramun ne manhajarka ta ambaci kaza, ta kawo garau-garau da mai da yaji, ta kawo fate, ta kawo ɗan malele, ta kawo kwaɗon zogale, kuma ta kawo su da mutunci ba kamar ana yi wa mutum jaje ba.

Daga nan abinci uku kacal za ta fitar. Na san za ka ji kamar ka yi asarar 197. Akwai wani bincike da ya yi suna da aka wallafa a shekarar 2000, Sheena Iyengar da Mark Lepper suka yi a wani kanti a Kalifoniya ta Amurka, suka ajiye teburin ɗanɗana jam ɗin shafa wa burodi, wani lokaci kala 24 wani lokaci kala 6. Teburin 24 ya fi jan mutane su tsaya, amma da aka zo saye kashi 3 cikin 100 ne kawai suka saya, na teburin 6 kuwa wajen kashi 30. Daga baya wasu sun sake gwada irin sa ba kullum ake samun sakamako ɗaya ba, saboda haka kar ka ɗauke shi kamar aya, amma ni ban ma buƙaci Bature ya gaya min ba, duk wadda ta taɓa shiga Kantin Kwari da kuɗin atamfa ɗaya ta san yadda ido ke raina fata.

Yanzu maganar wasan, nan ne nake son mu daɗe. Abin da kake son yi an taɓa yin sa kuma ya karɓu. Akwai wata manhaja Urbanspoon da aka fara a birnin Siyatil na Amurka, a 2008 ta fito a iPhone, ka girgiza wayar sai layuka uku su yi ta juyawa su tsaya, ɗaya unguwa, ɗaya kalar abinci, ɗaya tsada, ta nuna maka gidan abincin da za ka je. A 2015 kamfanin Zomato na Indiya ya saye ta ya shafe sunan. Dabarar da ta sa mutane suka so ta ba girgizar ba ce kawai, kowane layi yana da kwaɗo, kana iya kulle unguwarku da ƙarfin aljihunka ka bar sauran wa sa'a. Mutum ya riƙe abin da ba zai iya canzawa ba, ya yi wasa da wanda zai iya. Kai kuma ba ka ba amarya kwaɗo ko ɗaya ba.

Sai dai kar ka kwaikwayi siffarta. An zana ta ne kamar injin caca, kuma ita ma tayar taka in ka duba da kyau kamar ta gidan caca take, a nan wajenmu dattijuwa ɗaya ce za ta leƙa wayar 'yarta ta ce meye wannan kuma, shikenan an goge. Muna da namu wasan, canki-canka. Ka zana kwanukan samira uku kowanne an rufe shi da faifai, kamar yadda ake jera wa maigida, mutum ya canki ɗaya, faifan ya ɗaga a hankali tururi ya tashi sannan abincin ya bayyana. Ka saka 'yar ƙarar murfin kwano. Wannan daƙiƙa biyun ta jira kafin a ga me ke ciki ita ce duk daɗin wasan, kar ka gajarce ta kar kuma ka ja ta har a ƙosa. In kana son girgizar ma ka saka, kusan duk wayoyin yanzu suna da na'urar jin motsi, a girgiza kwanukan su cakuɗe, amma ka bar madanni a gefe saboda mai goyo a baya da ludayi a hannu ba ta da lokacin kaɗa waya.

Ka ba manhajar baki. In an ci taliya sau uku a sati ta ce yau ma taliya, ko hannun jari gare ku a kamfanin? In an canki tuwo miyar kuka ta ce an dawo gida. Amma ka kula da wanda ake tsokana, a tsokani abincin, a tsokani aljihu, a tsokani maigida, kar a taɓa tsokanar mai girki. Ranar da manhajarka ta ce wa mace kin cika son jiki ranar za ta bar wayar. Kuma ka rubuta irin waɗannan da yawa, zolaya ɗaya in an ji ta sau biyar ta zama surutu.

Ga kuma ɓangaren da zai yi maganin taka matsalar, wasan mutum biyu. Amarya ta shigar da abin da ke gida, manhaja ta fitar da uku, kai ka canka. Kowannenku yana da ban yarda ba guda ɗaya tak a rana, in ka yi amfani da naka shikenan abin da ya fito na biyu shi za ka ci. Da an tsayar, manhajar ta haɗa jerin abin da babu ta tura wa wanda ya canka ta WhatsApp, attaruhu, albasa, man gyaɗa, kanwa, ka taho da su. Wanda ya canka shi ke cefane. Ta kuma rubuta a ƙasa ɓaro ɓaro, maigida ne ya zaɓa ƙarfe takwas da kwata na safe. Da daddare in ka buɗe kwano fuskarka ta fara canzawa ba sai ta yi kuka ba, waya kawai za ta juyo maka. Raba gardama da ƙuri'a ba baƙon abu ba ne a wajenmu, ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) in zai yi tafiya yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa wadda ta faɗo mata da ita za a tafi, hikimar ita ce babu wanda zai riƙe wani a zuciya. Aikin manhajarka kenan na gaskiya, ta ɗauke laifin daga kan mutum.

Wani abu da ku maza ba ku cika sani ba, ba kowane abinci ake yanke shawararsa ranar da za a ci ba. Waina sai an jiƙa shinkafa, an kai markaɗe, ƙullun ya kwana ko ya ɗau awanni ya tashi. Alale da ƙosai sai an surfa wake an wanke an markaɗa. Funkaso da alkubus sai kwaɓin ya tashi. Ɗanwake kuwa cikin rabin awa an sauke in akwai gari da kuka da kanwa. In manhajarka ta ce wa mutum waina ƙarfe goma sha biyun rana ta yi masa ba'a ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka kowane abinci ka liƙa masa ko na yanzu yanzu ne ko na tun jiya, kuma tunatarwar da za ta riƙa turowa ta zo bayan isha'i, me za a ci gobe, sau ɗaya a rana ba ƙari. Ta riƙe abin da aka ci kwana uku baya kar ta maimaita, ta kuma san ɗumame, in jiya tuwo aka yi da dare toh karin safe ya riga ya samu ba sai an canka ba. Azumi ma in ya zo ka yi masa shafinsa daban, buɗa baki da sahur, don a watan ne tambayar nan ta fi cin ran mata, amma wannan sai sigar gaba.

Abincin 200 ɗin nan ka goge su duka. Ka zauna da amarya da littafi ta lissafo maka abin da ake ci a gidanku da gidansu da gidan maƙota, za ka ga bai fi 30 zuwa 40 ba, su ne manhajar. Hotunan ma ku ɗauka da kanku duk ranar da aka dafa, na intanet ba naka ba ne kuma rabi ba su yi kama da abincinmu ba. Ka kula da sunaye, abin da Bakano ke ce wa waina a Bauchi masa ce, wani alale zai rubuta wani alala, kuma yawancin mutane danwake suke bugawa ba ɗanwake ba don ba su da ɗ a kibod, wajen bincike dole duka biyun su kawo abu ɗaya. Ka ba mutum damar ƙara nasa abincin da sunan da ake kiransa a gidansu.

Na taɓa yin aiki da wani kamfani a kan wata manhaja ta mata, muka sha wahala wata da watanni, ranar gwaji na kai wa wata innata ta saka. Wayarta ta ce ba wuri, muka goge bidiyon biki guda biyu tana ta mita, da ƙyar ta sauka, tana buɗewa aka ce ta saka imel da kalmar sirri mai babban baƙi da lamba. Ta kalle ni ta kan tabarau ta ce 'yar nan ni girki zan yi ko jarrabawa, ta mayar da wayar cikin lalitarta. Ban manta ba har yau. Mutanenka Tecno da Itel da Infinix suke riƙewa, da yawa ma'ajiyar ta cika da hotuna, data kuma a lissafe take. Manhajar ta zama ƙarama, hotuna a matse, komai ya zauna a cikin wayar ta yi aiki ko ba intanet, ba rajista ba imel ba lambar waya, daga buɗewa zuwa ɗaga faifai kar ya wuce taɓawa huɗu. In da hali ka saka murya tana faɗin sunan abincin saboda waɗanda karatun boko bai zauna musu ba.

Batun lafiya kar ka zama likita. Ka saka wurin da mutum zai ce kar a nuna min kaza da kaza, mai olsa ya cire yaji mai ciwon suga ya cire abin da likitansa ya hana shi, iyakarka kenan. Af, tunda an zo nan, wata bakwai da aure, ga saurin kuka, in ka ga kuma an fara cewa warin daddawa na tayar da zuciya ko ana neman ɗata da tsakar dare, toh ni dai ban ce komai ba, amma ba manhaja za ka nema ba, katin asibiti ne.

Su kuma abokanka masu cewa za ta yi kasuwa, Allah ya sa, amma kar ka ajiye aikinka saboda ita. Irin wannan manhajar mutane na saukewa su yi wasa da ita kwana uku su manta, kuɗin talla kuma sai jama'a sun yi yawa sosai kafin ya zama wani abu, in ka cika ta da talla tun yanzu ka kashe wasan da hannunka. Saka ta a Play Store dala 25 ne sau ɗaya, na Apple dala 99 duk shekara, wannan ka bar shi tukuna. Kuma in sabon asusu ne na mutum ɗaya Google za su ce sai mutum 12 sun gwada ta kwana 14 a jere kafin a sake ta ga kowa. Kar ka cike gurbin nan da 'yan majalisarku waɗanda girkinsu bai wuce gaya wa mai shayi ƙwai biyu Indomie ɗaya ba, su nasu canki-cankan daban ne, gurasa ko awara ko tsire, wata rana ka yi musu. Ka ba amarya ta raba wa ƙawayenta da yayyenta, ita ce shugabar gwaji, abin da ta ce a cire a cire. Bayan kwana 14 kar ka tambaye su ta yi kyau, kowa zai ce ta yi kyau don kunya, ka tambaya jiya me kuka ci kuma wa ya zaɓa.

Sauran magana ɗaya wadda ba ta kwamfuta ba, kuma a matsayin yayarka zan faɗa. Ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci in ba ya so ya bari. Ka ce ba ka magana fuskarka ce kawai, ƙanena fuskar ma magana ce, wadda ta sha hayaƙi da zafin kicin tana tsaye tana jiran ka ɗaga murfi ba abin da take karantawa sai ita. Manhajar za ta ɗauke ka wata biyu ko uku kafin ta tsaya da ƙafarta, amarya kuma gobe da safe za ta sake tambaya. In ta tambaya ka buɗe baki ka ce ɗanwake nake so, da ƙwai da kabeji, akwai garin ko in aiko? In ta ce babu kuka ka tsaya a hanya ka saya.

In ka gyara ka turo min in zama cikin sha biyun. Wayata tsohuwar Tecno ce gilashin ya tsage ta gefe, kuma a gidana ba a cin miyar karkashi, ina son in ga ko za ta riƙe.